Ba Kowane Ƙaiƙayi Ne Sanyi Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kemis ɗin unguwa bayan magariba ya san yadda cinikin yake tafiya. Mace za ta shigo, ta jira mutane su ragu, sannan ta matso kusa da kanta ta rage murya: "Maganin sanyi za a ba ni." Wani lokaci ma ba ita za ta zo ba, yaro za ta aiko da 'yar takarda, ko maigidan ya biya a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa. Mai kemis ba zai yi tambaya ba, don ya san ko ya yi ba amsa zai samu ba. Zai haɗo Flagyl, da wata ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta, da ta cusawa, da man shafawa, ya ƙulle a baƙar leda. Wasu matan su warke. Wasu kuwa bayan wata guda su dawo, su sake dawowa, har shekara ta zagayo, har ya zama da ya hango su yake fara haɗa ledar.

Waɗannan masu dawowar su ne abin dubawa. Kalmar "sanyi" a bakin matanmu buhu ce: ƙaiƙayi, fitar ruwa, wari, ƙuraje, zafin fitsari, ciwon mara, zafin saduwa, ɗaukewar sha'awa, har rashin haihuwa, duk ciki ake zuba su. 'Yan boko sun sauya wa buhun suna, suna cewa infekshan, ko infekshan ɗin banɗaki, amma buhun nan dai shi ne. A ilimin likitanci babu wata cuta guda mai wannan suna. Cututtuka ne fiye da goma aka yi wa kuɗin goro, kuma da yawansu babu wata ƙwayar cuta a cikinsu, balle a ce maganin kashe ƙwayar cuta zai taɓa su.

Tun daga harshe matsalar ta faro. Mukan ce "gaba", ko "ƙasa", ko "al'aura", mu haɗe ciki da waje wuri guda, alhali wurare biyu ne. Akwai hanyar ciki, wadda jinin al'ada da jariri ke biyowa. Akwai kuma na waje: manyan leɓɓa masu gashi, ƙananan leɓɓa, ɗan tsaka, ƙofar fitsari, bakin farji, da fatar da ta miƙa zuwa dubura. Wannan na wajen fata ce, 'yar uwar ta hannu da ta fuska, sai dai ta fi su laushi, kuma ta fi su shan wahala. Kullum a rufe take, cikin gumi, tana haɗuwa da fitsari da jini da gogayyar tufafi. Duk ciwon da zai kama fatar gwiwar hannu, kamar kirci, zai iya kama ta. A asibiti ma wurin ya faɗa tsakanin likitan mata da likitan fata, kowa na ganin aikin ɗan'uwansa ne, abin da ya sa tun 1970 wasu likitoci suka kafa ƙungiya ta duniya don nazarin cututtukan wannan wuri kaɗai.

Kada a zalunci mai kemis, ba kullum yake kuskure ba. Abin da ya fi kawo ƙaiƙayi ga mace mai al'ada shi ne kandida, wata ƙwaya dangin yis, kuma kusan mata uku cikin huɗu za su gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwa. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani, kumburi, da farin abu mai guda-guda kamar marmashin awara, galibi ba wari. Ba a masai ake ɗauko ta ba. A jiki take zaune lafiya lau, sai ta sami sarari ta yi yawa: lokacin juna biyu, ko idan suga ya hau, ko bayan an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayar cusawa irin su Canesten kan kashe ta cikin kwanaki, haka ƙwayar sha ta fulkonazol, wadda mai ciki ba ta shan ta. Akwai kuma rikicewar bakteriyar farji, mai kawo ruwa tsararo toka-toka da ƙarni irin na kifi, musamman bayan saduwa. Ita wari ya fi damun mai ita, ba ƙaiƙayi ba, kuma a nan Flagyl ke aiki. Ta uku, tirikomonas, mai ruwa kore-kore da kumfa, ita ce ake ɗauka ta shimfiɗa. Idan ita ce, sai an yi wa miji magani, a gidan mata biyu ko uku kuwa sai kowace ta sha a lokaci guda, in ba haka ba ciwon zai riƙa bin ranar girki yana zagayawa.

To ina aka kwana da macen da ta sha duk waɗannan ba ta warke ba? Sai a ce ta je gwaji. A dangwalo ruwa da auduga, bayan kwana uku takarda ta fito an rubuta sitaf, a jero magungunan da wai za su kashe shi. Daga nan sai allurai, kwana biyar, kwana bakwai. Abin da ba a faɗa mata shi ne, wannan bakteriya tana zaune a fata ko hancin kusan mutum ɗaya cikin uku masu cikakkiyar lafiya, kuma ganinta a audugar da ta goga fata ba hujja ba ce cewa ita ke kawo ƙaiƙayin. Alluran kuwa ba sa tantance abokin gaba da mai gadi. A cikin farjin mace mai lafiya akwai wasu bakteriya masu amfani da ke sa wurin ya zama mai ɗan tsami, wanda ke hana baƙin ƙwayoyi zama. Kashe su shi ne buɗe wa kandida ƙofa. Sai ƙaiƙayi ya ƙaru, sai a ce sanyin ya yi ƙarfi, sai a ƙara allura. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma da kuɗinta ta sayi faɗawar.

Macen da kandida ta tabbata tana dawo mata sau huɗu ko fiye a shekara, gwajin da ya fi mata amfani ba na auduga ba ne. Na suga ne, ɗigon jini ɗaya daga yatsa. Mata da yawa ta wannan ƙaiƙayi aka fara gano suna da ciwon suga. Gwajin ƙanjamau ma yana cikin abin da likita zai nema, ba don zargi ba, don duk abin da ya raunana garkuwar jiki yana ba kandida wuri.

Fassara ta biyu da muke yi wa ƙaiƙayi ita ce ƙazanta, kuma a ganina ta fi ta farko ɓarna, domin mace da hannunta take ƙara wa kanta ciwo tana ganin gyara take yi. Da ta ji ƙaiƙayi sai ta tsananta wanki. Sabulu mai ƙamshi, sabulun kashe ƙwayoyin cuta, Dettol a ruwan tsarki, ruwan zafi da gishiri, soso. Ga kuma kayan gyara: zama cikin ruwan bagaruwa ko kanumfari, matsi da alimun, turaren tsuguno, da haɗe-haɗen da ake tallarsu a Instagram da gidajen biki, waɗanda mai sayar da su ma ba lallai ta iya lissafa abin da ke ciki ba. Fatar wurin tana da wani siririn maiƙo da ke kare ta. Sabulu yana wanke shi, alimun yana busar da fata, hayaƙi da turare suna ƙona ta. Idan bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga: fitsari ya taɓa wurin ya yi raɗaɗi, gumi ya taɓa ya yi ƙaiƙayi. Wannan ciwon fata ne na taɓawar abu, irin wanda ke kama hannun mai yawan wanki da omo, kuma yana cikin manyan dalilan ƙaiƙayin da ya ƙi ji ya ƙi gani. Audugar mata mai turare, da kamfai na roba a zafin watan Afrilu, da ƙunzugun da ba a ɗauraye omonsa sosai ba, duk suna iya jawo shi.

Batun miski yana son a yi shi da hankali. Abin da ya zo a hadisi shi ne mace ta bi gurbin jini da ƙyalle ko auduga mai ɗan miski bayan wankan haila. Sau ɗaya ke nan a wata, kuma ɗan kaɗan. Wannan daban, cusa farin miskin kwalba kullum safe da dare daban, musamman da yake yawancin na kasuwa haɗin masana'anta ne. Tsarki da ruwa zalla kuwa, wanda buta ta saba mana da shi, ya fi duk waɗannan sauƙi ga fatar wurin. Muna da shi a kyauta, muka ƙara masa abin da ya ɓata shi.

Idan ƙaiƙayi ya daɗe, sai ya yanke igiya daga abin da ya haife shi ya zama ciwo mai zaman kansa. Susa tana kawo daɗi na ɗan lokaci, tana kuma sa fata ta yi kauri, fata mai kauri kuma ta fi ƙaiƙayi. Da dare abin ya fi tsanani, har cikin barci hannu ke tafiya da kansa, a wayi gari da jini a farce. Wanda bai taɓa yi ba zai ga ƙaramin abu ne. Amma a duba malamar makaranta da ke tsaye gaban allo awa huɗu tana matse ƙafafu, ko mai sana'ar ɗinki da ba ta iya zama kan keke, ko matar da take yanke sallah saboda ba ta da tabbacin alwalarta. A haɗa da watanni na rashin barci. Sai a ce ta zama mafaɗaciya, ta fiye ƙorafi, ba ta da fara'a, ba wanda ya san abin da take fama da shi ƙarƙashin zani.

Cutar da na fi son a riƙe sunanta ita ce wadda likitoci ke kira laikin sikilerosus. Ba mu da suna nata a Hausa, bari mu ce ciwon farin tabo. Wani likitan fata na Faransa, Hallopeau, ya bayyana ta tun 1887. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, ba a ɗaukarta, ba a sa wa miji. Mafi rinjayen fahimta ita ce garkuwar jiki ce ke juyowa kan fatar mai ita, shi ya sa ake yawan samunta tare da ciwon maƙoƙo na garkuwar jiki. Ta fi kama mata iri biyu: wadda al'ada ta ɗauke mata, da yarinyar da ba ta balaga ba, ko da yake tana iya zuwa a kowane shekaru. Fatar takan yi fari fat, ta yi siriri da tamoji kamar takardar da aka dunƙule aka warware, ta riƙa tsagewa, wani lokaci jini ya taru ƙarƙashinta. Farin kan zagaye gaba ya zagaye dubura, ya ba da siffar lamba 8. A baƙar fata ana iya rikita shi da albaras, sai dai albaras launi kawai yake ɗauka, fata na nan da laushinta, ba ƙaiƙayi ba tsagewa.

Abin tsoro a wannan ciwo shi ne yana sauya halitta a hankali. Ƙananan leɓɓa su riƙa shafewa har su manne da manya, fata ta rufe ɗan tsaka, bakin farji ya tsuke. Abin da ya shafe ba ya dawowa da magani. Saduwa ta zama yagewa, kowane kusanci ya bar tsaga mai ɗaukar kwanaki kafin ta haɗe. A ɗauki mace mai shekara hamsin da biyar, ta aurar da 'ya'ya, tana da jikoki. Wa za ta faɗa wa? Miji ya ga tana guje masa, ya fassara abin da tsufa ko raini, ya tattara ya koma ɗakin amarya. Ita kuma ta ce dama lokacinta ya wuce, ta rungumi carbi. Shekara biyar, shekara goma, tana shan maganin sanyi.

Alhali maganinsa sananne ne kuma ba shi da tsada sosai. Man shafawa ne mai ƙarfi na sitiroyid, wato dangin magungunan kwantar da kumburi, sunansa kilobetasol, wanda aka fi sani da Dermovate. Tsarin da likitocin fata na Birtaniya suka shimfiɗa shi ne a shafa kullum tsawon wata ɗaya, wata na biyu ana tsallake kwana ɗaya, wata na uku sau biyu a mako, kuma tub ɗaya mai giram 30 ya isa wata ukun nan. Bayan haka yawancin mata za su ci gaba da shafawa jefi-jefi, wataƙila har ƙarshen rayuwa, kamar yadda mai hawan jini ba ya yar da ƙwayarsa don ya ji sauƙi. Abin dariya abin takaici, wannan kilobetasol ɗin shi ne ke cikin mayukan bilicin da 'yan mata ke lafta wa fuska da wuya shekara da shekaru ba tare da kowa ya rubuta musu ba, har fata ta yi siriri ta tsattsage. Wadda ba ta bukata tana wanka da shi, wadda take bukata ba ta taɓa jin sunansa ba. Ba kuma ina cewa duk mai ƙaiƙayi ta je ta saya ba ne. Sitiroyid a kan kandida ko makero ƙara rura wuta yake, kuma mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa a kowane kemis suna lafar da alamu su ɓoye ainihin ciwon, likita ya duba ya kasa ganewa.

Dalilin da ya sa ba a wasa da farin tabo shi ne sankara. Ƙasa da mace 5 cikin 100 masu ciwon ne ke kaiwa ga haka, amma kusan dukkansu ana iya kare su. Wani bincike da aka buga a 2015 ya bi mata 507 masu wannan ciwo a Ostireliya. Cikin 357 da suka riƙe magani yadda aka ce, babu ko ɗaya da ta sami sankara ko matakin da ke gabanta. Cikin 150 da suka riƙa yi suna bari, 7 sun samu. Sankarar fatar gaba ba ta da yawa, kimanin mata 45,000 aka ƙiyasta ta kama a duniya a 2020, kuma ta hanya biyu take zuwa: ta wannan farin tabo ga tsofaffi, ko ta ƙwayar HPV, wadda ake ɗauka ta saduwa, ga masu ƙarancin shekaru, musamman masu ɗauke da ƙanjamau. Bambancinta da sankarar bakin mahaifa shi ne ita a waje take, ido na ganinta, hannu na taɓa ta. Ƙullutu mai tauri, gyambon da ya wuce wata bai warke ba, wuri guda da ya yi kauri ko ya sauya launi, jini ba na al'ada ba: waɗannan ba na kemis ba ne. Sai an yanki ɗan ƙanƙanin nama, bai kai ƙwayar wake ba, an duba a na'ura.

Ga 'yan mata ƙanana kuwa, uwa ta sani cewa kandida ba ta cika kama yarinyar da ta bar nafkin amma ba ta balaga ba. Ƙaiƙayinta ya fi zuwa daga sabulu, ko tsarki daga baya zuwa gaba, ko tsutsar ciki mai fitowa dubura da dare. Idan farin tabo ne, yarinya kan riƙe kashi saboda zafin tsagewa, kuma tarin jinin da ke fatar kan sa a yi zaton an taɓa ta. Wajibi ne a bincika wannan zaton da gaske, amma wajibi ne kuma mai binciken ya san akwai ciwon da ke kama da hakan. Haka mannewar ƙananan leɓɓa ga jarirai mata, wadda kan firgita iyaye su ce yarinya a toshe take: yawanci da kanta take buɗewa kafin balaga, ko da ɗan man shafawa. Ba ta bukatar aska.

Na ambaci aska da gangan, domin akwai nau'in ciwon da ido ba ya gani, kuma shi ya fi kai mata hannun wanzami. Mace ta ce wurin yana mata zafi kamar an zuba barkono, ko kamar ana yanka ta da reza, da an taɓa bakin farji sai ta zabura. A duba a ga fata lafiya lau, gwaji ya fito ba komai. Likitoci na kiran wannan bulbodiniya: zafin da ya kai wata uku ba a ga dalilinsa a zahiri ba. Jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa ne suka rikice suna kai saƙon zafi, sau da yawa bayan kandida mai yawan dawowa, kuma tsokokin ƙugu kan ɗaure da kansu don tsoron abin da ke tafe, abin ya zama biyu. Ba ƙaramin adadi ba ne. Wani bincike a jihar Mishigan ta Amurka a 2012 ya sami kusan mace 8 cikin 100 na fama da shi, wani kuma a Bostan a 2003 ya nuna cikin waɗanda suka nemi magani, 60 cikin 100 sai da suka ga likita uku ko fiye. A inda likitoci suka wadata ke nan.

A wurinmu amaryar da ta kasa yarda da miji saboda wannan zafi tana da fassarori da ke jiranta tun kafin ta buɗe baki. Ba ta son shi. Akwai wanda take so. An yi mata sammu. Jinnul ashiƙ ne ya aure ta. Ko kuma angurya ce ta toshe ta, ko gishiri ya fito mata, a kira wanzami ko ungozoma a yanka. Ban hana kowa addu'a da ruƙiya ba, addu'a ba ta taɓa yage fatar kowa ba. Aska ce matsalar. Yankan gishiri ana yin sa a makance, a bangon gaba na farji, inda mafitsara ke kwance a bayansa. Binciken da aka buga a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya nuna 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin nau'o'in kaciyar mata, wadda dokar Nijar ta 2003 da ta tarayyar Nijeriya ta 2015 suka haramta. Yarinyar da ta zo da zafin jijiya sai ta koma da yoyo, fitsarin kuma ya riƙa cin fatar da a da lafiyarta lau. Maganin asalin ciwon yana ɗaukar watanni: man kashe zafi na lidoken, ƙananan ƙwayoyin da ke kwantar da jijiya irin amitiriftilin, koyon sassauta tsokar ƙugu, da miji mai haƙuri da aka zaunar aka yi wa bayani. Wannan na ƙarshen sau da yawa shi ya fi wuyar samu, ba don maza ba su da tausayi ba, don babu wanda ke kiransu cikin ɗakin likita.

Akwai zafin saduwa mai dalili sananne da shi ma ake jefawa buhun sanyi: bushewa. Bayan ɗaukewar al'ada sinadarin estirojin yana raguwa, fata ta yi siriri ta bushe, kuma kusan rabin mata na jin hakan. Mai shayarwa ma haka, mu kuwa mace kan yi wata goma sha takwas zuwa shekara biyu tana ba da nono, ta yaye ta sake ɗaukar ciki. Irin wannan mace idan ta yi matsi da abin da ke ƙara busarwa, garin neman gira za ta rasa ido. Man santsi na saduwa, ko man estirojin da likita zai rubuta, su ne abin da take bukata.

Idan ciwon da ba a gani ana ɗora shi kan aljani, wanda ake gani kan zina ake ɗora shi. Ƙuraje masu ruwa da ke fashewa su zama ƙananan gyambuna masu raɗaɗi, su warke su dawo, galibi hafis ne, kuma sama da mutum miliyan 500 ke ɗauke da nau'insa na al'aura a duniya, yawancinsu ba su sani ba. Yana iya kwanciya shekaru kafin ya fito, don haka fitowarsa yau ba ta nuna wa ya kawo shi ko yaushe, balle a gidan da miji ko mata suka taɓa wani auren. Mai ciki dai ta faɗa a wurin awo, saboda jariri. Tsiron nama masu kama da kan farin kabeji kuwa HPV ne, nau'i na 6 da na 11 ke kawo kusan 90 cikin 100, kuma rigakafin da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023 ya haɗa da su, ba sankarar bakin mahaifa kaɗai yake karewa ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan rukuni shi ne tsargiya. Mun san ta ga yara maza masu wanka a rafi suna fitsarin jini. Ba mu cika sanin cewa ƙwan tsutsar da ke kawo ta yana maƙalewa a al'aurar mace ba, ya kawo ƙaiƙayi, ruwa, jini bayan saduwa, da tsiro a fatar waje mai kama da na HPV. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 na fama da ita a Afirka kudu da Sahara. Duk inda ake noman rani da ruwan madatsa, irin su Kadawa, Bakolori, Goronyo, fadamun Haɗeja, gaɓar Tafkin Chadi da gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara a Nijar, akwai yarinyar da wanki da ɗiban ruwa ke kai ta cikin ruwan. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da ba ta san namiji ba za a kai ta asibiti, a dube ta a ce ciwon zina ne, maganar ta riga ta isa gida. Ƙwayar firazikwantel, wadda ake raba wa 'yan makaranta kyauta, ita ce maganin tsutsar, sai dai tabon da ya daɗe ba lallai ya goge ba. Tambaya ɗaya, "Kina shiga rafi?", za ta iya tsare mutuncin gida guda.

Kumburi mai zafi a gefe ɗaya na bakin farji, wanda ke hana zama da tafiya, yawanci toshewar ƴar jakar da ke samar da damshi ce, ta yi ruwa kamar maruru. A asibiti ake buɗe ta a bar mata hanya, in an matse a gida dawowa take yi.

Me ya sa duk wannan ke wuce ma'aikatan lafiya? Ƙananan asibitocinmu suna aiki da wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don wuraren da ba ɗakin gwaji: a saurari alama, a ba da maganin da zai rufe duk cututtukan da aka fi zato. Tsarin ya ceci mutane da yawa daga cututtukan saduwa, amma ba a gina shi don ciwon fata ba. Ga layi mai tsawo, ga ɗaki ba labule, ga hotunan littattafan koyarwa da yawancinsu na farar fata ne, inda kumburi ke fitowa ja, alhali a fatarmu yakan fito baƙi-baƙi, ko ruwan toka, ko shuɗi-shuɗi. Sai mai ciwo ta ji daɗi ba a ce ta kwanta ba, ma'aikaci ya ji daɗi layi ya matsa, a rabu kowa ya tsira da kunyarsa, ciwon na nan. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Macen da aka yi wa maganin sanyi sau biyu ba ta warke ba tana da haƙƙin ta ce a duba ta da ido cikin haske, ta nemi mace ta duba ta ko mace ta tsaya a wurin, ta kuma zo da duk abin da take shafawa da cusawa a leda, har na mai kayan mata. Idan aka ga fari, ko kauri, ko gyambo, ta nemi takardar turawa zuwa likitan mata ko na fata a babban asibiti. Madubi ƙarami a banɗaki sau ɗaya a wata ma aiki ne, domin wadda ba ta san kamannin wurin yana lafiya ba, ba za ta gane ranar da ya sauya ba.

Tsofaffi su ne suka fi shiga haɗari, su ne kuma suka fi shiru. Hajiya ba ta zuwa asibiti ita kaɗai, ɗa ko 'ya ko suruka ke raka ta, kuma mai rakiyar ne ke magana: ƙafa ce, hawan jini ne, ba ta barci. Likita ya juya ya ce, "Hajiya, akwai wani abu kuma?" Ta dubi ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ta gyara mayafi ta ce, "Babu komai, likita, sai godiya." In kai ne ka raka ta, idan an gama batun ƙafa da hawan jini, ka ce za ka je karɓo kati ko sayo ruwa, ka roƙi nas mace ta shiga, ka ja ƙofar, ka daɗe kafin ka dawo.